Nasidi da Fankar Motar Alhaji Almustapha

…na ce ku dakata da dakan nan ku saurara! Rukaiya, aje taɓaryar, ke ma Rauda bar wankin nan, ba gudu za shi yi ba! Nasidi dai, Nasidinmu, ƙanena wanda kuke ce ma Sarkin Zufa, yau tun daga tushe za ku ji labarinai, don wasu cikinku baƙi ne a gidan ga, ba ku san irin abin da anka sha da shi ba.

A Garu anka haife shi, gidan manoman albasa, kuma tun shina rarrafe anka gane Allah bai haɗa jininai da zafi ba. Yaran gari na rana suna wasa, shi shina gindin randa ya manna ciki da ƙasa mai sanyi. Da ya isa zuwa gona, Baba yab ba shi aikin ban-ruwa, sai a iske shi kwance cikin hanyar ruwan kamar kada, ruwa ya taru a bayanai, albasa can tana ƙishi. Baba ya yi faɗa, ya yi lallashi, daga baya yac ce wanga ba manomi ba ne, a nema mishi aikin inuwa. Lakwal, makarantar boko, ita ma ba ta riƙe shi ba, don ajinsu rufin kwano ne. Abin da yaf fi kowa iyawa a shekarun nan shi ne wani ɗan inji da yac ciro daga cikin matacciyar rediyo mai kaset, yay yanki bido, jarkar roba, yay yi mishi fukafukai, yah haɗa da batir, yad dinga yawo da shi a gaban fuska. Tsofaffi masu tuya na kiranai shi zo shi hura musu, su sallame shi da ƙosai.

Da yat tasa, kawunmu yak kawo shi nan Malanbil wurin Hamani, mai garajin da ke bayan tashar manyan motoci. Aikin Hamani wutar mota ne: wayoyi, fitilu, batir, da kilim mai sa sanyi. Mutumin Dandi ne, gajere, in za shi yi dariya gefen baki guda kawai shike ba aron ta. Ranar farko yas sa Nasidi cikin wata mota da anka gama gyara, yac ce shi zauna shi ji ko sanyi na fitowa. Nasidi yaz zauna, anka rufe ƙofa, iska mai sanyi tad daki wuyanai. Shi da bakinai yac ce a nan ne yas san abin da yak kawo shi duniya.

Sai dai gwajin sanyin ya so shi zame mishi ciwo. Motar da kowa zai gwada shi fito, shi sai an ƙwanƙwasa gilashi. An taɓa iske shi ya yi barci cikin motar wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, baki buɗe, mai motar na tsaye a rana shina jira. Hamani bai buge shi ba, sai yas sa shi zare wayoyin wata tsohuwar mota kaf, shi maida su, a tsakiyar fili inda ko inuwar tsuntsu babu. Tun daga nan hannunai yan nuna. Ya iya bin waya da fitilar gwaji har shi cimma inda wuta tat tsaya, ya iya shinshina mota shi ce ga abin da yaƙ ƙone.

To kun san al'adar ƙasar ga. Aparanti, yaro mai koyon aiki, ba shi buɗe nashi wuri, ba shi taɓa motar kowa da sunanai, sai ubangidanai ya yi mishi liberasiyo: a tara mutane, a ci a sha, ubangida shi ɗan daki tafin hannunai dukan ƙarshe, shi sa mishi albarka, shi miƙa mishi kayan aiki, shi ke nan ya zama mai kansa. Waɗanda sunka shiga garajin tare da Nasidi duk an sake su, wani har ya kafa rumfa a Kandi. Shi ko gemu ya cika mishi haɓa, amma har gobe shi ake aika sayo shayi. Bana ne Hamani yac ce, da an gama kwasar albasa za shi sake shi. Inna ba ta bar gida guda a Garu da ba ta kai labarin ba.

Ana cikin haka motar Alhaji Almustapha tash shigo garajin.

Alhaji dillalin shanu ne daga Gene, dogo, haƙoranai jawur, kuma ba shi yarda kowa shi tuƙa mishi mota. Wata farar mota ce da yake ji da ita kamar ɗiyar fari. Yaf fito jiƙe sharkaf, yac ce ma Hamani injin sanyi na kuka amma ko numfashin jariri ba shi fitowa daga ramukan. Hamani yan nuna Nasidi da haɓa, yac ce ga mai shirin zama patoro, mai garajin kansa, nan, shi duba.

Ita fankar da ke turo iskar tana ɓoye ne ƙarƙashin ɗan akwatin nan na gaban kujerar mai zaman banza. Nasidi bai ma kai gare ta ba, yab buɗe gidan fizibil, 'yan abubuwan nan masu ƙonewa in wuta ta yi yawa, ya iske guda ta ƙone, yam musanya, fanka tat tashi. Har da ɗan kaɗa kafaɗa yay yi, shina gaya ma sauran aparantoci cewa shi ba shi ɓata ma mutane lokaci.

Kasuwa ba ta sake zagayowa ba Alhaji yad dawo. Wagga karon fankar ta ƙi ƙananan lambobi, sai ta ƙarshe kawai, ita ko in an sa ta sai ta taso kamar hadari, har hula take tuɓe mishi. Nasidi ya san wannan ciwon: akwai wani ɗan ƙarfe da ake ce ma rezistansi, shi ke rage ma fanka ƙarfi, in ya mutu sai gudu guda. Yak kwance akwatin, yac cire, yas sa sabo. Ya ga bakin soket ɗin ya ɗan yi kore, yag goge da tsumma bai kawo komi a rai ba.

Dawowar da tab biyo baya, tun daga bakin gudiro, titin kwalta, anka jiyo muryar Alhaji. Fanka ta yi shiru ɗif. Nasidi bai kaɗa kafaɗa ba ranar. Yac ciro fankar gaba ɗaya, yaj jawo waya kai tsaye daga batir yat taɓa mata, tay yi wani juyi har ta kusa tafiya da yatsanai. Ashe ita lafiyarta lau. Yab bi wayar da fitilar gwaji, wuta na nan, na nan, sai a bakin soket tam mutu. Yal leƙa, ya iske ƙarafan ciki sun yi kore shar, sun ci, ga danshi. Ruwa ne ke shiga.

Ruwa daga ina, ana tsakiyar bazara, ko kare ba shi fitowa rana? Yas sa anka kwarara bokiti a gilashin gaba, shi ya cusa kai ƙarƙashi shina jira, ko ɗigo bai gani ba. Yah hura bututun da ke zubda ruwan kilim, a buɗe shike. Yat tambayi Alhaji ko ya taɓa ratsa ruwa da motar, ko yara na wanke cikinta da tiyo. Alhaji yac ce shi ba mahaukaci ba ne, kuma yaron da yat taɓa cikin motar ga da ruwa sai ya kwana a daji. Yaj juya wurin Hamani yac ce in garajin ga an daina aiki a gaya mishi, gada ba nisa, akwai masu gyara a Gaya.

Hamani yaj juya. Yak kalli Nasidi, yac ce murya ƙasa-ƙasa:

"In motar ga ta sake shigowa nan a kan fankar ga, liberasiyo sai baɗi. Ba mugunta ba ce, Nasidi. Ba ni sakin mutum shi je shi zubda min suna a gari."

Nasidi yas sa sabon soket, fanka tat tashi, amma ya san gyaran banza ne tunda bai ga ɓarawon ba. Abin da yad dame shi, duk lokacin da motar ke garaji a bushe take ƙayau. Ke nan abin da ke jiƙa ta a hanya shike faruwa. Sai yad durƙusa gaban Alhaji yar roƙi alfarma, a bar shi shi bi motar yini guda, a kujerar gaba.

Alhaji yad dube shi sama da ƙasa, yac ce kujerar gaba ba ta mutane ba ce, ta malfarsa ce da butarsa, ko uwargida baya take zama. Anka yi ta ja. Daga ƙarshe anka shirya a kan Nasidi zai zauna, amma shi rungume malfa da buta a cinya, kuma kar shi taɓa rediyo.

Da sassafe sunka kama hanyar Gene. Kafin Alhaji shi tada mota, yas sa hannu cikin aljihun babbar riga yaz zaro wani ƙunshi na algarara, yab buɗe akwatin gaba yac cusa, yar rufe. Nasidi bai taɓa ganin ƙunshin ba duk buɗe akwatin da yay yi. Yat tambaya cikin ladabi mi ne ne. Alhaji yac ce goro ne, kuma shi ba shi barin goronai a garaji, don ya san hannun aparanti, kafin ka juya ya zama tarihi.

Sanyi na fitowa, Nasidi na fama da idonai kar su rufe, Alhaji na ba shi labarin wani bijimi da yat taɓa korar jandarma har kan bishiya. Sun ɗan yi nisa, Alhaji yat tsaya gefen hanya yac ce a miƙo buta. Nasidi ya ɗauka alwala za a yi. Sai yag ga ya buɗe akwatin, ya ɗan warware bakin ƙunshin, ya karkata buta shina tsiyaya ma goro ruwa a nan inda shike, ba ƙyashi, kamar mai ban-ruwan albasa. Shina yi shina bayani: goro abu ne mai rai, in ya ji ƙishi sai shi yanƙwane shi yi ɗaci, kuma duk motar ga babu inda yak kai akwatin nan sanyi, su Turawan da sunka ƙera ta ba su san amfaninai ba ne suke zuba takardu. Yaɓ ɓantari guda, yab ba Nasidi ɓari, yar rufe, sunka ci gaba.

Ba a jima ba Nasidi yaj ji wani abu mai sanyi ɗis a kan babban yatsan ƙafarsa. Yas sake jin ɗis. Yas sunkuya a hankali, malfa na tokare mishi haɓa, yag ga ruwa ja-ja na biyo bayan akwatin, shina sauka daidai kan sabon soket ɗin, daga nan shi ɗigo ƙasa. Shekara da shekaru kujerar ba kowa, ba ƙafar da za ta ba da labari.

Dariya tat taso mishi, yah haɗiye ta tare da goron har ya ƙware. Ganin ɓarawo daban, faɗa ma dattijo cewa ɓarawon abokinai ne daban. Yaj jira har sunka isa Gene, Alhaji yag gama cinikinai, yas sake shayar da goro, sannan Nasidi yac ce don Allah Baba Alhaji shi zagayo shi sa hannu nan ƙasa.

Alhaji yas sa hannu, yaf fiddo shi jiƙe. Yash shinshina. Yad daɗe shina kallon tafinai.

"Wanga ai ruwan gorona ne."

"Shi ne, Baba Alhaji. Shi ke sauka kan wayar fankar shi cinye ta."

"Kai ɗan Garu, goron da malamai ke ci, a ɗaura aure da shi, a raɗa suna da shi, shi ne zai kashe fanka?"

"Ba goron ba, ruwan."

"To ka koya ma fankarka iyo. Gorona ba shi tashi daga nan."

Nasidi ya kawo shawarar kula ƙarama mai riƙe sanyi a bayan kujera, Alhaji yac ce hannunai ba shi kaiwa in shina tuƙi. Ya ce a dinga jiƙa ƙunshin a waje a matse kafin a sa, Alhaji yac ce shi ba wanki yaz zo yi duniya ba. Ya ce a yanko gindin bido a shimfiɗa, Alhaji yac ce goronai ba shi kwana cikin abin da ya taɓa ganin esansi, man mota, ko manja. Nasidi yag ga liberasiyo na tafiya baɗi a kan ƙafafunta, saboda dattijo guda da butarsa.

A hanyar dawowa yat tambaya, to kwano fa? Kwanon sha mai murfi, irin na gida, wanda ba a taɓa zuba komi ciki ba sai fura. Alhaji yat tauna goro, yat tauna, yac ce in kwanon mai mutunci ne, ba shi ƙi ba.

Nan ne labarin yash shigo gidan ga, wasunku da idonku kun gani. Farar mota tat tsaya ƙofar gida da la'asar, Nasidi yash shigo a guje shina cewa a fito da kwanoni. Mata sunka yi layi kamar ranar rabon kayan biki. Na Rukaiya yaƙ ƙi shiga, ya cika faɗi. Na Rauda ya shiga amma akwatin yaƙ ƙi rufuwa. Wani ya shiga ya rufu, Alhaji yac ce ya yi lamba a gefe, goronai ba shi zama cikin kwanon da anka taɓa jefa ma miji. Sai da Inna, da taz zo mana kwana biyu daga Garu, tak kwance ƙullin kayanta taf fiddo ɗan kwanonta mai furanni, wanda take sha da shi tun muna yara. Yaz zauna cikin akwatin ɗaram kamar tare anka ƙera su. Inna tac ce ba sayarwa ba, ba aro ba, ta ba da shi, in dai zai sa a saki ɗanta.

Nasidi bai tsaya nan ba, don ya san hannun Alhaji da buta ba shi da awo. Washegari a garaji yas sake wanke soket ɗin, yash shafe shi da man girisi, yan naɗe shi da robar tsohuwar tayar keke, yaɗ ɗaga wayar yaɗ ɗaure ta can sama inda ko ruwa ya zuba ba shi iske ta. Ramin da ke bayan akwatin ma yat toshe shi. Hamani na tsaye shina kallo, hannu a baya. Da anka gaya mishi abin da ke kashe fankar, gefen bakin nan guda yam motsa, yaz zaro goron da ke nashi aljihu yad dube shi, yam maida.

Amma bai ce an gama ba. Alhaji na da tafiya mai nisa, Paraku da kasuwannin shanu na can ƙasa, hanyoyi masu ramuka, goro na shan ruwa safe da yamma. Hamani yac ce in fankar ta kai ƙarshen tafiyar ga da rai, magana ta ƙare. In ba ta kai ba, Nasidi ya san sauran.

Kwanakin nan Nasidi bai ci abin kirki ba. Shinkafa da wake da shike share kwano biyu, sai shi tsakura shi ture. Da wata farar mota ta karyo kwanar garaji sai a neme shi a rasa, a iske shi ƙarƙashin wata babbar mota wai shina duba waya. Aparantoci sunka gano shi, sunka dinga kwaikwayon muryar Alhaji daga bayan katanga, shi ko shi zabura har shi bugi kai. Inna taƙ ƙi komawa Garu, tac ce ba ta iya haɗa ido da matan da tag gaya ma rana. Mai ɗinki ya aiko a kawo yadin kayan liberasiyo, Nasidi yac ce a dakata tukuna. An kwashe albasa, buhuna sun cika bakin kasuwa, Alhaji shiru.

Yau bayan azahar, ana zaune a rumfar garaji ana shan shayi, wayar Hamani tay yi ƙara. Yad duba, yad dubi Nasidi, yac ce Alhaji ne. Nasidi ya aje kofi, zufa na bin gemunai. Hamani yad danna inda kowa zai ji, ya aje wayar kan benci, yay yi sallama.

Ba a amsa ba. Sai wani huuu ke fitowa, dogo, ba yankewa. Hamani yaɗ ɗaga wayar sama shina neman layi, yas sake sallama. Huuu ɗin yar ragu, yad daɗa raguwa, yak koma kamar numfashin mai barci, sannan yas sake hawa daki-daki har yac cika rumfar.

Sai ga muryar Alhaji, baki cike.

"Kun ji ta? A bakin ramin iskar na kara muku wayar. Lamba ɗaya ce waccan ta ƙasa, har zuwa ta ƙarshe, duk suna nan. Ina Paraku, gobe in kamo hanya. Hamani, ina ɗan Garun?"

"Ga shi nan, Alhaji, ya kasa magana."

"Ka ce mishi mura ta kama ni, shi ne sanadi. Goro kuwa kamar yau anka tsinko shi. Ka ce ma tsohuwarsa kwanon ba shi dawowa."

Hamani yaɗ ɗauki wayar, yam matso da ita kusa da baki, idonai na kan Nasidi.

"Alhaji, ka yi sauri ka dawo. Juma'a mai zuwa za ni saki yaron ga, kuma kai za ka kawo goron."